Ganga Ba Ta Kiran Mamaci

Ni mai shayi ne, kuma gurgu. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don mutanen garinmu Ƙofa in za su kwatanta wa baƙo rumfata ba sa cewa ta kusa da masu faci, cewa suke yi ta gurgun nan mai ganga. Shan-inna ce ta taɓa min ƙafar hagu tun ina yaro, ta bar min ita siririya ina ja. Gangar kuwa ba tawa ba ce. Ni ko gwangwanin madara ban iya kaɗawa ba.

Rumfar ba wata abar a zo a gani ba ce. Kwano a sama, dogon teburi, bencina, tukunyar ruwan zafi a kan gawayi. Da safe direbobi da 'yan acaɓa ne, wannan a soya masa ƙwai, wancan a ƙara masa madara kamar ubansa ne ya saya min. Amma ranar kasuwa da rani, da an sallame la'asar, sai in ja bencinan gefe in shimfiɗa tabarmi, Baba Makaɗi ya iso da gangarsa a kafaɗa.

Tsoho ne dogo, baƙi, mai ƙarancin magana, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin gonaki da gangar noma daga Bebeji zuwa Kiru har ƙasar Tudun Wada. Farkon abin, shayi kawai ya tsaya sha, gangar tana cikin buhu don ya daɗe ba wanda ya kira shi gona. Wani tsohon manomi da ke zaune ya ce, "Don Allah ɗan taɓa min, ko na ji sanyi." Baba ya kwance buhun ya taɓa. Wallahi manomin nan da sai an kama shi yake hawa benci, sai ga shi tsaye, hannu a sama, yana kirari har hularsa ta faɗi. Masu wucewa suka tsaya. Ranar na ce wa Baba ya riƙa zuwa duk kasuwa, shayinsa da burodinsa a wuyana.

Ga wanda bai tashi a karkara ba, bari in yi masa bayani. A da, in aikin gona ya fi ƙarfin mutum sai ya kira gayya, majiya ƙarfi su taru su gama masa a wuni ɗaya, makaɗi yana biye da su. Duk manomin da ya yi fice, makaɗi yakan yanka masa take, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai a duniya. In yana tsakiyar gona ya ji an saki takensa, ko ƙugunsa ya ƙage sai ya zabura. Babana yana cikin masu take. Ya rasu ina ƙarami. Abin da na riƙe nasa bai wuce wannan ba: ina zaune a gindin ɗorawa, ina hango bayansa sharkaf da gumi, ganga ta juya, ya yi wata irin kururuwa ya bar sauran mutane a baya. Bayan nasa ina ganinsa har yau. Kiɗan ne ya ɓace min sam. Innata ta faɗa min abin da gangar ke cewa, wai "Garma ta gaji, mai garma bai gaji ba." To amma magana ba kiɗa ba ce, tuwo ne ba miya.

Don haka kada wani ya ce don ciniki na kawo ganga rumfata. Cinikin ya zo, ban ƙi ba. Abin da nake so shi ne in ji taken babana sau ɗaya da kunnen girma, kuma duk duniya mutum ɗaya ne yake da shi a hannu.

Sai da na bari muka saba, sannan wata rana bayan an watse na zuba masa mai kauri na zauna kusa da shi.

Na ce, "Baba, a taɓa min na mahaifina mana."

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Ɗan abokina, wa zai tashi?"

"Ban gane ba, Baba."

"In na kira mutum da ganga, tashi yake yi. Wanda aka kaɗa wa takensa ya zauna, rago ne, haka muka gada. Ubanka bai taɓa zama ba. So kake in kira shi a gaban sa'o'insa, a waiga a ga ba kowa?"

Na ce, "Ni zan tashi."

"Da ludayin shayi?" Bai yi dariya ba. "A gona ake gadon take. Ɗa ya kama garma ranar gayya, ya ɗauki kunyar huɗa guda daga wannan kan gona ya fitar da ita wancan kan, shi kaɗai, ba wanda ya sa masa hannu. Ranar sai in kaɗa, ya amsa a madadin ubansa. In ba haka ba, ganga ba ta kiran mamaci."

Ya dubi ƙafata, ya kau da kai. Kai, raina ya ɓaci ranar! Na ce to ya bar gangar, ya ɗan ƙwanƙwasa min a kan teburi a hankali, daga ni sai shi. Ya ce, "Ni makaɗi ne, ba ɓarawo ba. Ba na kiran mutum a ɓoye." Ya shanye shayina tas, ya saɓa gangarsa ya tafi. Na raka shi da harara har ya sha kwana, na rantse ba zai ƙara shan ko ruwan zafi a wurina ba. Da kasuwa ta zagayo ni na fara shimfiɗa masa tabarma.

Shekarun farko rumfar ta yi albarka, ba zan ɓoye ba. Tsofaffi suna zuwa a kan kekuna daga ƙauyuka, wani ma motar masara yake bi tun daga wajen Doguwa don a kira shi sau ɗaya ya koma. Fulani in sun sayar da abin da suka kawo sai su tsaya daga baki, sanda a kafaɗa, suna murmushi. Baba yana da tsarinsa, daga babba zuwa ƙarami, ba ya tsallake kowa. Dama tana riƙe da gula, lanƙwasasshen icen kiɗan nan, hagu tana aiki da yatsu a jikin fata. Ya saki na wannan, wannan ya miƙe ya yi kirari a yi masa shewa, ya zauna yana haki ya ce in ƙaro masa shayi. Daga la'asar sai kiran magariba ke tashinmu. Ni ina bayan teburi ina ɗaga shayi daga kofi zuwa kofi, ina kallon kowa ana kiran nasa.

Cikin masu zuwa akwai wanda nake kira Baffa, aminin babana ne daga wani ƙauye a ƙasar Kiru. Gajere, mai yawan dariya, kekensa ba birki, da ƙafa yake tsayawa. Shi ne ke cewa ina da goshin babana. Na taɓa tambayarsa ko ya tuna taken, ya ce in ya ji zai gane ko cikin barci, amma fitar da shi aikin makaɗi ne.

Daga nan sai mutuwa ta fara ɗauka. In aka faɗa wa Baba wane ya rasu, sai ya ce Allah ya ji ƙansa, ba ƙari. Amma in kiɗa ya zo daidai gurbin mutumin, sai ya ɗaga gula sama ya riƙe ta kamar tsawon numfashi, rumfa ta yi tsit, sannan ya wuce na gaba. 'Ya'yan mamatan ba wanda ya gaji komai. A ina za su gada? Wa ke kiran gayya yanzu? Mai hali ya kira tarakta ko shanun huɗa, ciyawa a yi mata feshi, abin da ya rage a ba 'yan ƙwadago. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jiran ganga. Sai dai duk shekara shirun yana ƙaruwa, kiɗan yana raguwa. Abin da kan kai mu magariba ya zamana kafin sabon ruwa ya tafasa an gama.

Samari kuwa tun da aka buɗe gidan kallon ƙwallo a tsallaken titi suka ɗauke ƙafa. Wani maƙwabcina ya fara ƙorafin wai ana damunsa, shi da injin niƙansa ke ruri tun safe. Mai ɗakina ta ce, "Malam, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ka sa talabijin mana, ranar kasuwa guda kana ba tsofaffi wuri suna shan kofi ɗaya su wuni." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma ta ba ni haushi. Na ce mata ta bar ni da tsofaffina.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da na miƙa wa Baba shayi na ga kofin yana rawa a hannunsa har ya zuba a riga. 'Ya'yansa maza ba wanda ya koyi kiɗa, suna birni suna neman na kansu. Na kwana ina juyi. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni na ga itacen ne zai ƙare dutsen bai nuna ba. Da damina ta faɗi, lokacin huɗa ya yi, na aika gida gida cewa ina kiran gayya a 'yar gonar da babana ya bari, wadda wani ɗan'uwana ke nomawa.

Tabɗijan! Garin nan ya sha dariya. Wani direba ya ce, "Mai shayi, garmar za ka jiƙa a ruwan zafi ta yi laushi?" Na ce masa uwarsa ce za ta tace. Mai ɗakina ta tuƙa tuwo, ta dama kunu, ta ɗaure min tsumma a gwiwa.

Tsofaffin da suka rage sun zo, kowa da tsohuwar garmarsa. Samari ma sun zo, amma da wayoyi a hannu, kallo ya kawo su. Baba ya tsaya a kan gona ya ce min a gaban kowa, "Ban ce ka riga kowa ba. Ka fitar da taka kunyar, kai kaɗai." Aka jeru, aka yi bismilla, ganga ta tashi.

Wanda bai taɓa huɗa da ƙafa ɗaya ba, ba zai gane ba. In kafa ta dama, in sara, in juye ƙasa, in jawo ta hagu ta biyo ni. Kafin in kai rabi tafin hannuna ya fashe, ƙirjina kamar an zuba garwashi. Na faɗi, na tashi. Na sake faɗuwa, na ji dariyar yara, na tashi. Tsofaffin nan duk da tsufansu suka fitar da nasu, suka koma suka ɗauki wasu, har suka gama gonar kaf, saura tawa. Da ƙafar ta ƙi ɗaukata sai na durƙusa na ci gaba a kan gwiwa. Dariyar ta mutu. Ba abin da nake ji sai ganga a bayana, Baba yana biye da ni taku bayan taku, bai saki taken kowa ba, tafiya kawai yake riƙe min. Na ɗaga kai na hango ƙarshen kunyar, bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Na ce a raina, yau dai zan ji.

Sai na ji saran wata garma a gabana.

Baffa ne. Ya shigo ta ɗaya kan, kansa a sunkuye, yana huɗo kunyar tawa yana tahowa. Kafin in buɗe baki ya yi sara uku ya haɗe da ni. Ganga ta tsaya cak.

Baba ya ce, "An tarbe shi."

Na ce, "Baffa, me na yi maka? Me na yi maka a duniya?"

Ya dube ni, ya dubi Baba, sai a lokacin ya gane. Garmar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Jini na gani a gwiwarka, ɗana. Wallahi ban san sanda na shiga ba. Haka muke yi, wanda ya gama ya tarbi wanda ya gaji. Ubanka ya sha tarbata." Tsoho da furfura ya tsaya a tsakiyar gona yana hawaye. To me zan ce masa? Da mugunta ya yi da na ji daɗin zaginsa.

Na ce a sake. Baba ya nuna min gonar da gula, an huɗe ta tas, ba sauran inda za a sara. Ni ma ko da akwai, ɗaukata aka yi zuwa gindin bishiya. Ya rataya gangarsa ya ce, "Baɗi, in Allah ya kai mu." Aka ci tuwon aka watse.

Ranin nan gaba ɗaya, da na sallami masu shayin safe sai in tafi fadama da garma ina koya wa jikina, don ba a fafe gora ranar tafiya. Hannuna ya yi kanta. Na kai ina fitar da kunya ba faɗuwa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana cewa ruwa ya sauka a wajen Doguwa, sai ga saƙo daga 'yar Baba, wadda yake zaune a wurinta, cewa ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa ya shanye.

Na rufe rumfa da hantsi na tafi. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, bakinsa ya karkace, gangar tana rataye a bango. Na gaishe shi, ya yi wani sauti da ba magana ba. Na zauna a gefensa ina ba shi labarin banza, wane ya sayi babur, wane ya aurar da 'ya. Ban roƙe shi komai ba, na rantse. Shi ne ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ido ya kalli hannunsa na dama da ke yashe a kan zane. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, yana ƙoƙarin ɗaga shi. Ko yatsa bai motsa ba. Sai ya miƙo na hagu a hankali, ya ɗora a kan gwiwata, gurguwar, ya fara bugawa da yatsu.

Mutumin da ya ce ba ya kiran kowa a ɓoye! Ya buga, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Na sa nawa hannun a ɗaya cinyar ina bin sa har muka daidaita. Hawaye yana gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne. Ya yi ta ƙoƙarin faɗa min wani abu, na kira 'yarsa, ta sunkuya ta saurara, ta ce ita ma ba ta gane ba. Na ce, "Na gode, Baba, na karɓa. Allah ya biya ka." Ya rufe ido yana girgiza kai, na ɗauka ciwo ne.

Na fito ina bugawa a cinyata duk hanya don kada ya zube. Mutane suna gaishe ni ba na amsawa. Rabona da farin ciki irin na ranar tun haihuwar ɗana na fari. Kafin kasuwa ta zagayo aka yi jana'izar Baba.

Baffa bai daina zuwa ba ko da kiɗa ya ƙare. Tun ranar gayya ba ya iya haɗa ido da ni sosai, yakan jingine kekensa ya zauna a ƙarshen benci. Ranar da ya zo bayan rasuwar, na zuba masa shayi na ce, "Baffa, saurara ka ji." Na share teburi na buga masa da yatsu, daidai yadda aka ba ni, ina kallon fuskarsa ina jiran ya zabura.

Ya karkata kai. Ya ce, "Sake."

Na sake.

Ya ce, "Wa ya ba ka wannan?"

Na faɗa masa. Ya tambaye ni da wane hannu. Na ce da hagu, ai daman ta mutu.

"Ɗana," ya ce, "hagu ba ta kiran kowa. Tafiya take riƙewa. Nawa ma haka take, na kowa haka take. Shi ne abin da ya bi ka da shi a gona. Dama ce ke faɗin mutum."

Na ce, "To daman fa? Ka ce in ka ji za ka gane."

"Zan gane in na ji. Wa zai kaɗa?"

Na ɗauki tsumma na goge teburin da yake a goge. Baffa ya tashi bai shanye ba, ya tura kekensa da hannu har ya ɓace, bai hau ba. Bai ga wata daminar ba shi ma.

'Yar Baba ta aiko min da gangar, ta ce ba ta san inda za ta kai ta ba. Tana nan rataye a rumfa, sama da talabijin ɗin da na sa daga baya. Fatar ta saki. Samari sun dawo, ciniki ya fi na da, mai ɗakina ta yi gaskiya. Wani lokaci baƙo yakan nuna ta ya ce ta mece ce, in ce ta wani tsoho ce.

Hannuna dai bai san an gama ba. In ina tsaye ina jiran ruwa, sai in tsinci yatsuna suna bugawa a gefen teburi. Yanzu har na san wuraren da dama ya kamata ta shigo, akwai 'yan gurabe a tsakani, nan ne babana yake. In na zo wurin sai in dakata in saurara. Sai wani ya ce, "Mai shayi, ruwanka ya tafasa," in ɗauki ludayi in zuba masa.